Za ka zo Ikko ziyara? Karanta wannan kafin ka sake kirana

Shekarata 19 a Agege da ke Legas, kuma duk lokacin da Sallah ta gabato ko aka ba yara hutu, wayata ba ta samun sarari. Tambayoyin kuwa su ne dai na bara, su ne na bara waccan. To ga su nan a rubuce. Wanda ya sake kira, wannan zan tura masa.

Kawu, in yi muku zuwan ba-zata?

A'a. Nan ba zauren gidan Malam ba ne da za a shimfiɗa maka tabarma a ce bismilla. Ɗaki da falo ne, mu 6 a ciki. Ka kira da saura mako guda.

Kwana nawa ya kamata in yi?

Kwana 3. Hadisi ma cewa ya yi liyafar baƙo kwana 3 ce, abin da ya haura sadaka ne. Mai masaukinka da asuba yake fita kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago neman na cefane, duk ranar da ya zauna taya ka hira ranar ba ciniki. Ba zai faɗa maka ba, kunya yake ji. Ni na faɗa a madadinsa.

Me zan kawo tsaraba?

Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, kilishi. Ana sayar da su a nan, amma na gida daban yake, uwargida ma ta san bambancin tun daga ƙamshi. Kada ka wahalar da kanka da buhun shinkafa. Man shanun kuma ka ɗaure bakin robar da kyau, tafiyar wajen kilomita 1,000 ce daga Kano.

Tunda na zo Legas, zan iya leƙa Gwaggo a unguwar Nima ta Accra, can Ghana, in dawo cikin kwana 2?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da i ko a'a, don haka ka zauna.

A taswira abin kamar wasa. Daga Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, ko rabin tafiyar da ka yi daga Kano bai kai ba, kuma hanyar gaɓar teku take bi: Badagry, Kwatano, Lome, sannan Accra. Amma iyaka 3 za ka ƙetare. Seme tsakaninmu da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a bakin Ghana. A kowace sai ka sauka, a buga maka hatimin fita, ka taka zuwa gaba a buga na shiga. Wata rana minti 30 ya wadatar. Wata rana mutum ɗaya a motarku takardarsa ba ta cika ba, ku duka ku yi zaman jiransa har la'asar. Saboda haka ka ɗauka cewa zuwa wuni guda ne cur, dawowa ma haka. In kwana 2 ke gare ka, to gaisuwa kawai za ka yi da Gwaggo ka sha kokon safe ka juyo, kuma za ta daɗe tana yi maka gorin wannan.

Biza ba ka bukata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90. Amma rashin biza ba ya nufin ka tafi hannu rabbana: fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Takardar NIN ka bar ta a aljihu. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma sai ta kwana 10 katin ke fara aiki, don haka ba a jajibirin tafiya ake nemanta ba. Wani ɗan ƙanwata ya ce ai shi Allah zai rufa asiri, ya tafi babu katin. Asirin ya rufu, amma motar ta tafi ta bar shi, ya biya kuɗin wata.

Kuɗi ma kala 3 ne: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Ka canja kaɗan kaɗan, ka ƙirga a gaban ɗan canji kafin ka miƙa naka. Agogo kuma ka mayar baya da awa 1 da zarar ka shiga Togo, haka zai zauna har Accra.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, naku da ɗan ƙari. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo ɗinku har sai ta ce wani abu daban, amma sanarwa daban, abin da za ka tarar a bakin iyaka daban. Ku tambayi direban da ya bi hanyar a wannan makon, ba wanda ya bi bara ba.

In da ni ne, ko in ware kwana 5, ko in tsaya Kwatano wajen 'yan uwa a Zango, in bar Accra sai wani zuwan. Amma in Gwaggon ba ta da lafiya, to wannan magana ce daban, ka tafi ko na awa 2 ne.

Ba na jin Turanci sosai, zan ɓata?

Kwantar da hankalinka. Agege, Idi-Araba, Obalende, Nima, Sabon Zango, ko'ina ka yi sallama za a amsa maka da Hausa. Ka dai rubuta lambar mai masaukinka a takarda, don waya kan mutu.

Za ka kai ni in ga teku?

Zan kai ka. Ka gani da ido, ka jiƙa ƙafa, a ɗauke ka hoto. Amma kada ka ce mini ka iya iyo a Tiga ko a kududdufin bayan gari. Ruwan nan ja yake yi ta ƙasa, yana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafarka kana tsaye. Yara kuma hannunsu a naka. Bar Beach da kakanku ke ba ku labari babu shi yanzu, an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

In hau acaɓa daga tasha?

Ya danganta da unguwa, amma tun Yunin 2022 an hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu wurare, kuma fasinja ma kama shi ake yi. Ka tsaya inda motar ta ajiye ka, zan turo yaro.

Wane wata ya fi?

Kauce wa Yuni da Yuli, ruwa ne ba dare ba rana, gosulo ya ninka. Rigar sanyi kuma bar ta a gida, nan gumi za ka yi ko a Disamba.

Zan yi kasaru?

In niyyar zamanka ba ta kai kwana 4 ba, ka yi, haka muka karanta a mazhabar Malikiyya. In ka bi liman mazauni ka cika. Sauran ka tambayi malaminku.

Kawu, in guzurina ya ƙare za ka cika mini na mota?

Kuɗin komawa ka ware shi tun daga gida, ka ba uwargida ajiya ranar da ka sauka. Wanda na cika wa da Sallar bara har yau bai kira ya ce ya isa lafiya ba.