Celyabinsk: Abin da Mai Ciwon Ƙirji Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Tafi

A cikin ɗalibanmu da ke neman takardar shaidar lafiya domin tafiya karatu Rasha, akan samu wanda ya nufi Celyabinsk, kuma kusan kullum tambayarsa ba ta wuce ta sanyi. Sanyin kuwa gaskiya ne, domin a watan Janairu ma'aunin zafi yakan sauka fiye da digiri 10 ƙasa da sifili, amma a matsayina na ma'aikacin lafiya, iskar da za a shaƙa ta fi damuna.

An kafa garin a 1736 a matsayin sansanin soja a bakin kogin Miass, gabas da tsaunukan Ural, kuma har yau hoton raƙumi ɗauke da kaya ne a tambarinsa, shaidar tsohon fatauci. Isowar jirgin ƙasa a 1892 ta buɗe masa ido, sannan gwamnatin Sobiyat ta mai da shi garin ƙarfe. Masana'antar tarakta ta fara aiki a 1933, masana'antar narka sinadarin zink a 1935, babbar masana'antar ƙarfe kuma a 1943. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwaso injuna da ma'aikata daga birnin Leningrad (St. Petersburg a yau) aka haɗa da masana'antar taraktar, aka shiga ƙera tankokin yaƙi har aka yi wa garin laƙabi da Tankograd, wato birnin tankoki. Mutanensa, waɗanda yanzu sun haura miliyan ɗaya, suna alfahari da wannan tarihi, kuma suna da dalili.

Sai dai gaggawar yaƙi ba ta tsaya tambayar inda hayaƙi zai bi ba, unguwanni kuma suka girma a jikin masana'antu. A ranakun hunturu da iska ta tsaya cak, iska mai ɗumi takan danne mai sanyi kamar murfi a kan tukunya, sai hayaƙin masana'antu da na motoci ya kwanta a kan gari. Ƙurar da ke cikinsa ta fi ta hazon da muka saba laushi, tana ratsawa har can cikin huhu, ta tayar da asma, ta wahalar da mai ciwon zuciya. Matsalar ta kai gwamnatin Rasha ta sanya garin cikin birane 12 na farko a shirinta na tsabtace iska.

Saboda haka mai asma ya ga likita kafin ya tashi, ya tafi da isasshen maganin shaƙa da takardar da ke ɗauke da ainihin sunan maganin, domin sunan kasuwa yakan bambanta. Hukumomin garin sukan sanar da ranakun da yanayi ke hana hayaƙi watsewa. A irin waɗannan ranaku a rufe tagogi, a ɗage motsa jiki a waje, in fita ta zama dole a sa takunkumi mai tace ƙura, ba na yadi ba. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai shi asibiti, kada a ɗora wa sanyi.

Akwai wani darasi dabam da garin ya bayar ranar 15 ga Fabrairu, 2013, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a samansa. Mutane kusan 1,500 suka nemi magani, akasarinsu gilashi ne ya yanke su, domin da yawa sun ruga taga kallon hasken, kafin ƙarar fashewar ta iso bayan 'yan mintuna ta farfasa tagogin a fuskokinsu.