Mai ciki, idan annoba ta shigo, riƙe lambar ungozomarki

Tun Maris na 2020, da korona ta shigo Nijar, na lura da abu guda: da zarar an ce cuta ta ɓulla, bencin masu awon ciki ne ke fara zama fayau. Haka muka gani da sanƙarau ya taso wajen Dungas a ƙarshen 2022, haka da mashaƙo ya kama yara a Matamaye a 2023. Ban ga laifinku ba, ƴan'uwana mata. Wa ke son ta zauna cikin cunkoso da tsohon ciki, ana tari a kanta? Sai dai cikin bai san da annoba ba, girma yake ta yi.

Shi ya sa mu masu yi muku awo muke cewa ki karɓi lambar ungozomar da ke miki awo, a rubuta miki ita a bayan karnenki, wato katin awonki. Ba sai kin iya karatu ba. Saƙon murya ta WhatsApp ya isa, in babu intanet ki yi kira. Ki faɗi watan cikin, yadda yaro ke motsi, ko kina shan ƙwayar ƙarin jini kullum. Ita kuma ta ba ki rana da sa'a, ki zo babu layi, ki koma gida da wuri.

Wata baiwar Allah ta taɓa turo mini hoton hannunta da dare, zobe ya nutse cikin yatsa, ta ce kanta na sarawa tun la'asar. Na ce ta taho yanzu. Da muka ɗaura mata abin awo, jininta ya hau sosai. Hoton nan ne ya kawo ta, amma ba shi ya auna ta ba.

Nan ne nake so a fahimce ni. Waya ba ta auna hawan jini, ba ta jin bugun zuciyar jariri, ba ta gane kwanciyarsa. Fansida, da ake fara ba ki daga wata na huɗu don kare ki daga zazzaɓin sauro, a gabanmu ake haɗiye shi. Allurar tetanus ma sai kin miƙo dantse. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a duba mai ciki sau 8 aƙalla, na farko kafin ta wuce mako 12.

Malam maigida, a gidaje da yawa wayar a aljihunka take wuni, kana Kasuwar Dole. Don Allah ka bar mata ita, ko ka sa wa ta maƙwabciya kuɗin kira.

Idan kuwa jini ya ɓalle, ko faya ta fashe, ko masassara mai zafi, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko yaro ya daina motsi, kada a tsaya jiran amsar saƙo. A nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, ko tsakar dare ne, a kira mu ana kan hanya.