Waiwaye: ina amanar ƙungiyoyin agaji ta fara zubewa?

Duk sanda aka bankaɗo wata badaƙala a ƙungiyar agaji sai ka ga soshiyal midiya ta ɗau zafi, wannan ya ce ai dama duk macuta ne, wancan ya ce a'a kar a yi musu kuɗin goro akwai na ƙwarai, kwana uku a manta a koma wani zancen. Ni dai abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda ake maganar kamar jiya abin ya faro, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin kowa ya sani. Wani mutumin Switzerland, Henry Dunant, ya ga yadda aka bar sojoji cikin jini bayan yaƙin Solferino na ƙasar Italiya a 1859, aka kafa Red Cross a Geneva a 1863. A 1945 kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 71, ya ambaci ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. A 1985 aka yi gangamin mawaƙa na Live Aid don yunwar Habasha, talabijin ta shigar da hoton yunwa har cikin ɗakunan mutane, kuɗi suka kwararo. Sai kisan kiyashin Ruwanda a 1994 da ruɗanin da aka shiga a sansanonin gudun hijira na Goma a gabashin Kongo, wanda ya sa masu aikin agaji suka zauna suka fito da ƙa'idojin Sphere, wato ma'aunin ingancin aikin agaji, daga 1997.

To amma akwai wata kwana da aka sha wadda ba a cika ambata ba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Wata 'yar tambaya ce da masu ba da gudummawa suka rungume: cikin kuɗin da na bayar kashi nawa ya kai ga mabuƙata, kashi nawa ya tafi a ofis?

Tambayar a ido kyakkyawa ce wallahi, ni ma na sha yin ta. A Amurka fom ɗin da ƙungiyoyi ke cikewa duk shekara, Form 990, dama ya raba kashe kuɗi gida uku: aikin agajin kansa, gudanarwa, da neman tallafi. Da intanet ya yaɗu wajen ƙarshen shekarun 1990 sai ya zama kana zaune za ka iya duba alƙaluman ka yi lissafi cikin minti biyu, kuma tunda auna ko rayuwar wani ta canza abu ne mai wuya, auna kashi kuwa ko yaro zai iya, sai kowa ya koma kan mai sauƙin. Ƙungiyar da kuɗin gudanarwarta ya fi ƙanƙanta ita ce ta Allah. Wadda nata ya ɗan yi sama kuwa an riga an yanke mata hukunci.

Yanzu mene ne kuɗin gudanarwar? Albashin akanta ne, da kuɗin odita, da horar da ma'aikata, da mutumin da zai binciki tarihin wanda za a ɗauka aiki kafin a sake shi cikin yara da zawarawa, da wanda zai buɗe akwatin koke ya karanta. Wato duk abin da ke hana sata da cin zarafi shi aka mayar abin kunya.

Ka ɗauki akantar wata ƙaramar ƙungiya a ƙarshen shekara. Ga kuɗin haya, ga na wuta, ga albashin shugaba, idan ta rubuta su yadda suke kason zai haura abin da mai tallafi ya yarda da shi, baɗi babu kuɗi. Sai ta tsaga albashin shugaban ta cusa rabi ƙarƙashin aikin rijiyoyi, hayar ofis ta koma kuɗin wayar da kai. Ba ta saci ko sisi ba fa. Amma ofishin ya koyi cewa rahoto abu ne da ake gyarawa don ya yi wa mai kuɗi daɗi, kuma ranar da ɓarawon gaske ya shigo zai tarar da ƙofar a buɗe, ga shi ba odita mai ƙarfi. Ita kuma ƙungiyar da ke gefe ta ga an yaba wa wannan, sai ta rage nata ƙasa da haka, mai tallafi ya ƙara gamsuwa cewa ashe ana iyawa.

A 2009 mujallar Stanford Social Innovation Review ta buga wani nazari da ya kwatanta wannan zagayen da horon yunwa da ake yi wa ƙungiyoyin. A 2013 wasu manyan cibiyoyi uku masu bin diddigin ƙungiyoyin agaji a Amurka suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu bayarwa da su daina auna ƙungiya da wannan kason kaɗai. Wasu manyan gidauniyoyi sun saurara, sun fara ba da tallafin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba.

Sauran mu kuwa har yau idan muka ga talla an rubuta duk abin da ka bayar ɗari bisa ɗari zai kai ga marayu, nan muke tura kuɗi, ba mai tsayawa ya tambayi wa ke biyan wanda zai ƙirga su.