Kamfanin gem ya rufe an saki kod ɗinsa: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Tun watan Fabrairun 2025 da kamfanin gem na EA ya saki kod ɗin tsofaffin wasanninsa na Command & Conquer tambayoyin nan ba su canza ba, daga yaran da ke koyon rubuta manhaja a nan Jos har masu loda gem a waya na wajen Terminus, kowa da irin tasa amma duk abu ɗaya ne. To ga amsa a wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai me ake nufi da an saki kod?

Rubutun da masu haɗa gem ɗin suka yi da hannunsu ne, kafin a juya shi ya zama abin da kwamfuta ke ganewa. An ajiye shi a fili, yawanci a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, tare da lasisin da ya ce ka karanta, ka gyara, ka raba. Shi ke nan.

Ke nan gem ɗin ya zama kyauta?

A'a. Injin mota aka ba ka, babu bodi babu kujeru babu taya. Hotuna da sauti da kiɗa da taswirori suna nan hannun mai su. id Software ta saki kod ɗin Doom tun 1997 amma har yau fayil ɗin wasan na asali saye ake yi, shi ya sa wasu suka zauna suka zana nasu suka kira shi Freedoom. Ita ma EA ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa sai ka mallaki gem ɗin kafin ka buga abin da ka haɗa. Ku dinga karanta abin da aka rubuta a shafin farko dan Allah.

Zai hau wayata?

Sai in wani ya zauna ya yi wahalar mayar da shi Android. Kod ɗin da aka rubuta wa kwamfutar 1999 bai san wayarka ba.

In kamfanin ya mutu ai ba mai shi ke nan ko?

Wa ya faɗa maka? Kamfani na rufewa, haƙƙin mallaka kuwa sayar da shi ake yi kamar sauran kadarori, kuma a Amurka aikin kamfani yana kai shekara 95 a ƙarƙashin kariya. Westwood Studios da ta ƙirƙiri Command & Conquer an rufe ta a 2003, EA ce ta riƙe komai sai da ta ga dama. Looking Glass Studios ta rufe a 2000, kod ɗin System Shock bai fito ba sai 2018 ta hannun Nightdive Studios. Wani lokacin ma ba a san mai shi ba, kamar No One Lives Forever na shekarar 2000 da aka yi ta yawo tsakanin Warner Bros da Activision da Fox babu wanda ya fito ya warware zancen, gem ɗin ya maƙale ba a sake sayar da shi ba.

Zan iya ɗauka in mayar Hausa in saka a Play Store da talla, ko in dinga loda wa kwastomomi a shago?

To wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ita ce ya danganta, kar ka ji haushi. Farko buɗe fayil ɗin lasisi. In GPL ne, kamar na Doom daga 1999 da na Command & Conquer da na Warzone 2100, ba a hana ka karɓar kuɗi ba, amma dole duk wanda ka ba manhajar ya iya samun kod ɗin har da gyaran da ka yi, a kan lasisi iri ɗaya, ba za ka ɗauki na jama'a ka kulle ka ce naka ne ba. In kuma irin na FreeSpace 2 ne da Volition ta saki a 2002, wannan an ce ban da kasuwanci, to talla ma a ganina kasuwanci ce, ni dai ba zan taɓa ba.

Na biyu, lasisin kod bai shafi hotuna da kiɗa ba sai in an ambata. Nan ne yawancinku za ku faɗa rami, domin abin da kwastoma yake so a shago shi ne cikakken gem, kai kuma rabin da aka halatta maka rabawa ba shi ne wanda ido ke gani ba. Fassarar ma da sauƙi a baki, amma in maganganun cikin wasan suna cikin fayilolin da ba a saki ba, raba fassararren fayil ɗin yana iya zama matsala, abin da ya fi aminci shi ne ka raba fassarar kaɗai mutum ya ɗora a kan kwafinsa da ya saya. Na uku suna. Sunan gem da tambarinsa alamar kasuwanci ce, ba ta bin kod, sai ka laƙaba wa naka wani suna daban.

Sannan ko masu sakin ma suna tuntuɓe. A 2013 da Disney ta rufe LucasArts, Raven Software ta saki kod ɗin Jedi Outcast da Jedi Academy, ba a jima ba aka sauke shi saboda akwai ɓangarorin wasu kamfanoni a ciki da ba su da ikon rabawa, sai da aka tsame su, daga nan aikin OpenJK, na 'yan sa-kai masu ci gaba da gyara kod ɗin, ya ci gaba. To in kamfani mai lauyoyi ya zame, kai fa?

Na san abin da za ka ce, wa zai taso daga Amurka ya zo Farin Gada neman ka. Wataƙila babu. Amma ba sai sun zo ba, takardar ƙorafi ɗaya za su aika wa Google a sauke manhajarka, in abin ya maimaitu a rufe akawun ɗin da ka biya dala 25 ka buɗe, ga wahalar watanni ta tafi a banza. Kuma mu ma muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita. In kuɗi na gaske za ka zuba, nemi lauya ya duba maka lasisin, ni ba lauya ba ne. In kuma koyo kake so, fara da wanda aka saki gaba ɗayansa: Warzone 2100, wanda Pumpkin Studios ta yi a 1999 ta rufe a 2000, aka saki kod ɗin a 2004, daga baya har bidiyoyi da kiɗan suka biyo. Ko zane-zanen Glitch da Tiny Speck ta sakar wa duniya a 2013 ba wani sharaɗi bayan ta rufe wasan.

Na ga wani kod a Telegram an ce na wani babban gem ne da ya zube

Na sata ne. Kar ka haɗa shi da aikinka, kar ka turo min.

Ban iya C++, yaren rubuta kod, ba, ina da amfani kuwa?

Sosai ma ƙanena, kwantar da hankalinka. Masu riƙe da waɗannan ayyukan 'yan sa-kai ne, suna neman mai fassara, mai gwadawa ya kawo rahoton inda wasan ya tsaya, mai gyara bayanin yadda ake sakawa. Kuma karanta kod ɗin da aka taɓa sayarwa a kasuwa, da dabarunsa da kwamacalarsa, yana koyar da abin da darasin YouTube ba zai nuna maka ba. Buɗe fayil ɗaya, nemo inda aka rubuta ƙarfin tanka, canza lambar, haɗa ka ga abin da ya faru. Haka ake farawa.

Me ya sa abin ya dame ka haka?

Saboda kod yana ɓacewa wallahi. Jordan Mechner, wanda ya haɗa gem ɗin Prince of Persia, ya daɗe yana zaton kod ɗinsa ya salwanta, sai a 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali aka tarar da tsofaffin faifan a ciki, aka samu masu na'urar da za ta iya karanta su, ya ɗora a GitHub. Sa'a ce kawai. Sau da yawa in an rufe kamfani ma'aikata watsewa suke yi, kwamfutoci a yi gwanjonsu, aikin shekaru ya bi ruwa. Mu da muke fatan yaran Jos su haɗa nasu gem, muna buƙatar waɗannan tsofaffin ayyukan a buɗe mu ga yadda aka yi su.

Sai da babbar laftof?

A'a. Tokumbo mai 4GB ta isa yawancin na shekarun 1990, matsalarka wuta ce da data ba injin ba.