Gurbi mai dogaro: me ya sa tikiti ke riƙe tsohon bayani bayan an sauya masa rukuni?

A manhajojin karɓar koke irin su ServiceNow, Zendesk, Freshdesk da osTicket, kowane koke da aka shigar yana zama tikiti, kuma tikitin yana da gurabe da ake cikewa: rukuni, ƙaramin rukuni, muhimmanci, sashen da zai yi aikin. Gurbi mai dogaro shi ne wanda zaɓin da ke cikinsa ya rataya a kan abin da aka zaɓa a wani gurbin. Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet ya san shi: ka zaɓi Jihar Kano, sai jerin ƙananan hukumomi ya kawo maka Fagge, Dala da Gwale, ka koma Katsina, jerin ya sauya. Freshdesk ma yana da irin wannan gurbi mai hawa 3, kowane hawa yana bin na samansa.

Matsalar tana tasowa ne in uwar, wato gurbin sama, ta sauya, ɗan da ke dogaro da ita bai sauya ba. A ServiceNow, rukunin Hardware yana zuwa da ƙananan rukunai kamar Monitor, Keyboard da Disk, shi kuwa Network yana da DNS, DHCP da VPN. Ma'aikaci ya shigar da koke cewa allon kwamfutarsa ba ya nuna komai, aka sa Hardware da Monitor. Da aka bincika, ashe yana shiga wata na'ura ce daga nesa, VPN ɗinsa, wato killataccen layin da ke haɗa shi da ita, ne ya yanke. Aka mayar da rukunin Network. Yanzu tikitin na iya zama Network da Monitor, haɗin da babu shi a tsarin kwata-kwata.

Dalilin shi ne, dokar dogaron galibi a fuskar fom take aiki, wato a burauzar jami'in. In ya buɗe tikitin ya sauya rukuni da hannunsa, fom ɗin zai sabunta jerin ƙasa ya sa ya sake zaɓa. Rumbun bayanai kuwa bai san wannan dangantaka ba. Ginshiƙai biyu ne daban a wurinsa, abin da aka rubuta wa kowanne shi zai ajiye. To, hanyoyin sauya rukuni ba fom kaɗai ba ne. Ana gyara tikiti 50 lokaci guda daga shafin jeri, ana loda fayil ɗin CSV, wata manhajar tana turo sauyi ta API, hanyar da manhajoji ke magana da juna kai tsaye, ko wata doka ta atomatik ta karanta saƙon imel ta sauya rukuni da kanta. Duk waɗannan sun zagaye fom ɗin, babu abin da zai goge tsohon zaɓin.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Kowane zaɓi yana da sunan da ido ke gani, da kuma ƙimar da aka adana a bayansa. In mai kula da tsarin ya sauya suna kawai, tsofaffin tikiti za su bi sabon sunan lafiya lau. In ya goge zaɓin ya ƙirƙiri sabo mai suna iri ɗaya, ƙimar na iya bambanta, sai rahoto ya raba abu ɗaya gida biyu. A Zendesk kowane zaɓi na jerin zaɓi yana ɗaure da wata alama ta tag, don haka doka ko makro (shiryayyen umarnin da jami'i ke dannawa) da ke ƙara wannan alamar tana iya cike gurbin ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Haka kuma in aka sauya wa tikiti fom, gurbin da ba ya cikin sabon fom ɗin ɓacewa yake yi daga ido kawai, abin da ke ciki yana nan. osTicket kuma nasa salon daban: fom ɗin da ke manne da Help Topic, wato batun koken, lokacin buɗe tikiti ake ɗora shi, sauya batun daga baya ba ya kawo fom ɗin sabon batun, sai an ƙara shi ta Manage Forms.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Dokokin rabon aiki suna karanta waɗannan gurabe, sai koken VPN ya ci gaba da komawa teburin masu gyaran na'ura, su maido, ya sake dawowa, agogon SLA, wato wa'adin da aka yi alkawarin magance koke, kuwa yana tafiya. A ƙarshen wata shugaban sashe ya ga alkaluman lalacewar allo sun hau, alhali matsalar hanyar sadarwa ce.

Gyara na gaskiya a ɓangaren saba ake yinsa, wato babbar na'urar da ke adana tikitin, ba a burauzar jami'i ba. A ServiceNow a rubuta Business Rule, wato dokar ɓangaren saba, da ke aiki kafin a adana: in rukuni ya sauya kuma ƙaramin rukunin bai dace da shi ba, a goge shi ko a ƙi karɓar sauyin. Client Script na onChange, wanda ke aiki a burauza in an sauya gurbi a fom, bai isa ba, domin ba ya aiki a shafin jeri ko ta API. A Zendesk a kafa trigger, wato dokar atomatik, da zai mayar da gurbin fanko duk lokacin da fom ya sauya. Ni a ganina gogewa ta fi a sa tsarin ya yi wa jami'i hasashen zaɓi, domin gurbin da babu komai yana jawo ido a cike shi, wanda aka cike da kuskure kuwa wucewa yake yi.

Don gano ɓarnar da ta riga ta faru, a fitar da rahoto mai rukuni a layuka, ƙaramin rukuni a ginshiƙai. Duk akwatin da bai kamata ya ɗauki lamba ba amma ya ɗauka, a buɗe tikiti 3 ko 4 daga cikinsa a duba tarihin sauye-sauyensu: zai nuna wa ya sauya rukunin, yaushe, kuma ta wace hanya. Zaɓin da aka daina amfani da shi kuma a kashe shi ya daina fitowa a jeri, kada a goge shi, tunda a manhajoji da dama tikitin da aka riga aka rufe ba ya karɓar gyara.