Waiwaye: Siraran Bututun Kabon da Yadda Aka Shawo Kansu

A shekarar 1991 ne Sumio Iijima, masani a kamfanin NEC na Japan, ya bayyana wasu siraran bututu na kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi da bakin fensir. Ƙirarsu kamar ta naɗaɗɗiyar tabarma ce, sai dai kaurin silin gashi ya ninka nasu sau dubbai. Sun fi ƙarfe ƙwari, ba su da nauyi, kuma lantarki na bi ta cikinsu, don haka masana suka ɗokanta su cuɗa su da roba da kayan batir.

Ba a je ko'ina ba aka ci karo da cikas, domin bututun ba sa narkewa a cikin ruwa ko wani ruwan sinadari, dunƙulewa suke yi, kuma santsin jikinsu ba ya barin roba ta kama su. A 1998 ayarin Richard Smalley na Jami'ar Rice a Amurka ya jiƙa su cikin gaurayen asid, irin na ruwan batir da na naitirik, wanda ya daddatsa su ya bar ƙwayoyin oksijin maƙale a bakunansu. A shekarar ce Robert Haddon da abokan aikinsa suka ɗaura dogayen sinadarai a waɗannan gurabe, sai ga bututun sun narke. Amma duk raunin da aka yi wa jikin bututun yana rage masa ƙwari da gudun lantarki, shi ya sa a 2001 ayarin Hongjie Dai na Jami'ar Stanford ya koma ga sinadarin da ke mannewa ba tare da ya huda jikin ba.

Mu a Zamfara, ɓangaren asid ɗin ne ya fi shafar mu, domin a 2002 masu bincike a Sin sun nuna cewa waɗannan guraben oksijin suna cafke dalma daga cikin ruwa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a tsakar gida ce ta jawo masifar, kuma kankare ƙasar gidajen aka yi don kawar da gubar, aikin da babu bututun da zai yi shi. Tace ruwan rijiya da na kududdufan wankin zinare kuwa, a ganina, bincike ne da ya cancanci ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai a Gusau su rungume shi, amma da taka-tsantsan, tunda a 2014 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sanya wani nau'in bututun cikin abubuwan da ka iya haddasa cutar.