Gasar ƙungiyoyi da kasadar matasa

Gasar ƙungiyoyi ita ce takarar da ake yi tsakanin taron mutane biyu ko fiye, kamar unguwa da unguwa, makaranta da makaranta, ko ɓangare da ɓangare a gidan dambe. A irin wannan takara, nasarar mutum ɗaya ta mutanensa ce gaba ɗaya, faɗuwarsa kuma abin kunyarsu ce. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin yadda hakan ke tunzura matasa, musamman 'yan shekara 13 zuwa 19, su yi kasadar da ba za su taɓa yi ba idan su kaɗai ne.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Sassan ƙwaƙwalwa ba sa nuna lokaci guda. Sashen da ke jin daɗin yabo da lada yana ƙarfi tun farkon balaga, amma sashen gaba, na wajen goshi, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Saboda haka saurayi yakan san haɗarin abu sarai, amma daɗin a yabe shi ya rinjayi sanin.

A shekarar 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg sun gwada wannan a Amurka da wasan tuƙin mota a kwamfuta. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun kusa ninka kasadarsu idan tsararrakinsu na tare da su, manya kuwa tuƙinsu bai sauya sosai ba. A 2011, Jason Chein da abokan aikinsa a Jami'ar Temple sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa suna irin wannan wasa, suka ga sashen lada yana ƙara motsi da zarar yaro ya san abokansa na kallo daga wani ɗaki. Ba wanda ya zuga shi, sanin ana kallonsa kaɗai ya isa.

Idan aka ce “mu” da “su”

Idon abokai mataki ne na farko. Abin yana ƙara zafi idan ga wasu can da ake son a kayar. A 1954, Muzafer Sherif ya kai yara maza 22, 'yan kimanin shekara 11, wani sansani a jihar Okalahoma, ya raba su gida biyu. Da aka haɗa su gasar ƙwallo da jan igiya, aka sa kyauta ga ɓangare ɗaya kawai, cikin 'yan kwanaki sai ga ƙona tuta, da kai farmakin dare ɗakin kwana, da dambacewa. Yara ne lafiyayyu da ba su taɓa sanin juna ba. Daga baya Henri Tajfel ya nuna a Biristol ta Ingila, wajen 1970, cewa ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba aka raba 'yan makaranta, nan take kowa zai fara fifita nasa.

Takara tana sauya lissafin kasada. Ladan ya ƙaru, domin wanda ya yi bajinta sunansa zai zaga gari. Ja da baya kuma ya yi tsada, domin an daina kallonsa a matsayin hankali, ya koma ragwanci da cin amanar 'yan'uwa. Wannan na biyun shi ya fi nauyi a ƙasar Hausa, inda kunya ke da girma: yaro zai iya haƙura da karaya a ƙafa, amma a kira shi matsoraci a gaban 'yanmata da samarin wani ƙauye, wannan ya fi ƙarfinsa. Ga shi kuma a cikin taro kowa na ganin alhakin ba nasa ba ne shi kaɗai.

A Kebbi da Zamfara

Al'adun wannan yanki sun san wannan hali tun kafin a rubuta shi a littafi, suka kuma yi masa fage. A dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne da kaka, ɗan wasa ba kansa kaɗai yake wakilta ba, yana shiga ne da sunan Arewa, ko Kudu, ko Guramaɗa. Makaɗa su wasa shi, a tuna masa ubangidansa da garinsu, har ya yarda ya kara da wanda ya fi shi ƙashi. Amma damben yana da iyaka: turmi uku ne, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, alƙali ya raba. A sharon Fulani, saurayi yana tsayawa a tsula masa bulala ba tare da ya motsa ba, don kada ya kunyata zuriyarsu, manya na tsaye suna lura.

Haka abin yake a ruwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya ƙunshi kabanci, wato tseren kwale-kwale, da ninƙaya, da nutso, da kamun agwagwar ruwa da hannu. Kasada ce ta gaske, sai dai ba mai faɗa wa kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin an ba da izini.

Gasar ba sharri ba ce a kan kanta. A gayya, samarin unguwanni kan yi rige-rigen fitar da kuyya, ganga na tashi, gonar da za ta ci kwanaki a gama ta kafin la'asar. Wani gwaji da Ido Erev da abokansa suka wallafa a 1993, da 'yan sakandare masu tsinkar lemu a Isra'ila, ya nuna haka: da aka sa rukuni ya yi takara da rukuni, zaman kashe wando a cikin aikin tarayya ya ragu.

Inda abin ke tayar da hankali shi ne takarar da ba ta da alƙali. Wasan babur wajen rakiyar amarya, inda abokan ango ke son su nuna wa samarin wata unguwa iyawa, ba shi da turmi ba shi da mai rabawa, kuma kwalta ba ta san kirari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Bangar siyasa ta fi wannan muni, domin a nan babba ne da hankalinsa yake sayen zafin kan yaran wasu, ya haɗa musu da ƙwaya, ya nuna musu abokan gaba.

Hanyoyin rage illa

Wa'azi a kan haɗari shi kaɗai ba ya wadatarwa, tunda ba rashin sani ne matsalar ba. Abin da ya fi aiki shi ne sauya yanayin. Jihohi da dama a Amurka sun taƙaita yawan tsararrakin da sabon direba matashi zai ɗauka a mota. A sansanin Sherif kuwa, haɗa yaran cin abinci da kallo tare bai kashe gabar ba, har jifan juna suka yi da abinci. Ta lafa ne sai da aka ƙirƙiro musu matsalolin da ɓangare ɗaya ba zai iya magancewa ba: ruwan sha ya yanke, suka bi bututu tare suna neman inda ya toshe, motar kawo abinci ta ƙi tashi, suka ja ta da igiyar da suka yi gasa da ita. Ranar komawa gida, yaran da kansu suka nemi a ɗauke su a mota ɗaya.